Yadda Ake Ɗaukar Hoton Fure Kusa da Kusa da Hasken Rana

Furen kuɓewa yini guda yake yi a duniya. Da sassafe yake buɗewa, ruwan ƙwai mai haske, cikinsa ja wur har ya doshi baƙi, kafin la'asar ya lanƙwashe ya yi yaushi. Wanda ya ɗauko waya bayan azahar ya ce zai ɗauki hotonsa ya makara, komai tsadar wayar. Abin da na fi so mai koyo ya riƙe ke nan tun farko: wannan aiki na sanin lokaci ne. Fure yana da lokacinsa, haske yana da nasa, iska ma tana da nata, kuma hoto mai kyau yana fitowa ne a ɗan tsakanin da ukun suka dace. Kayan aiki suna zuwa daga baya.

Ba sai an je lambun masu kuɗi neman furen Turawa ba. Gonakinmu da bakin hanyoyinmu cike suke da furannin da ba mu saba tsayawa mu dube su ba, domin hankalinmu yana kan 'ya'yan da za su biyo baya. Furen wake yakan buɗe da sanyin safiya ya rufe kafin rana ta take. Na kabewa babba ne, rawaya, shi ma ɗan safiya ne, kuma da wuya ka leƙa cikinsa ba ka tarar da ƙudan zuma ba. Furen auduga yakan fito fari-fari mai ratsin rawaya, washegari ya rikiɗe ya koma ruwan hoda, don haka a tsiro ɗaya za ka iya samun launi biyu. Rama da yakuwa dangin kuɓewa ne, furanninsu ma sun ɗauko kama. Akwai riɗi, akwai gyaɗa, akwai tafasa da duman rafi. Har ƙuduji, wanda ya hana manomin dawa barci, furensa shunayya yana da kyan da zai sa ka tsaya. Da rani ma ba a rasa abin ɗauka: gurjiya takan zubar da ganye ta yi jan fure, mangwaro ya cika da nasa, bagaruwa ta fitar da ƙananan dunƙule-dunƙule rawaya, tumfafiya kuwa kusan ko yaushe za ka same ta da fure a kan juji da bakin titi.

Wasu kuma da dare suke harkarsu. Furen kuka yakan buɗe da almuru, jemagu ne baƙinsa, kuma kafin wani almurun ya soma lalacewa. Furen duma fari ne, da yamma yake buɗewa. Farin bado na tafki, irin wanda ya cika dausayin Haɗejiya da Nguru, da dare yake buɗewa ya rufe idan hantsi ya ɗaga. Waɗannan sai dai ka tare su da asuba bayan gari ya waye, ko da yamma lis kafin haske ya ƙare.

Sai batun haske, wanda nan ne aikin yake. Ƙasar Hausa tana kusa da tsakiyar duniya. Kano tana kan mataki 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka rana tana hawa kusan a miƙe, mataki 15 ko kusa da haka a kowace awa. Hasken nan mai laushi, mai ɗan ja, wanda masu hoto na ƙasashen sanyi suke morewa na tsawon lokaci, a wurinmu ba ya daɗewa. Awar farko bayan fitowar rana ita ce ta zinariya, ta biyu da dama-dama, daga nan kuma sai rana ta yi ƙarfi. Da tsakar rana haske yana dukan fure daga bisa, fallayensa su yi ƙyalli fari fat, cikinsa ya yi duhu ƙirin. Idon mutum yana iya ganin ɓangarorin biyu a lokaci guda, amma kyamara ba ta iyawa: ko dai ta ƙone farin, ko ta binne duhun. Da la'asar sakaliya haske yakan sake yin laushi, sai dai a lokacin furannin gona da yawa sun riga sun rufe, iska kuma ta tashi. Shi ya sa ni safiya na fi so, ga raɓa a kan fure, ga iska a kwance, ga ƙwari sanyi bai gama sakinsu ba.

Ranar da hadari ya lulluɓe sama ba tare da ruwa ba, musamman a cikin watan Agusta lokacin marka, wannan rana ce ta mai hoton fure. Gajimare yana watsa haske ta kowace fuska, inuwa ta yi laushi, launi ya fito da ainihinsa, kuma kana iya aiki har azahar. Hazon hunturu ma yana tace rana haka, amma yana zuwa da ƙura wadda take kwanciya a kan fure ta dusashe shi, kuma a hoton kusa kowace ƙwayar ƙura sai ta fito.

To idan babu gajimare, kuma rana ta yi sama? Sai ka yi wa furen naka gajimaren. Farin mayafi mai shara-shara, ko farin yadi marar kauri, ko farar lema, a riƙe tsakanin rana da fure har inuwarsa ta rufe furen duka. Ka matso da yadin kusa da fure gwargwadon yadda ba zai shiga hoto ba, domin yadda ya fi kusa haka hasken yake ƙara laushi. Dole yadin ya zama fari. Mai launi zai rina furen da launinsa. Idan ba ka da kowa ba ka da komai, inuwar jikinka ma ta isa, sai dai hasken inuwa yakan ja hoto zuwa shuɗi-shuɗi, wanda za ka gyara daga baya. Abu na biyu da ya kamata ya kasance a jakarka shi ne farin kwali, faɗin littafin rubutu. Ana riƙe shi ta ɓangaren da fure ya yi duhu, ya dawo da haske cikin inuwar. Ka riƙa karkata shi sannu a hankali kana kallon fuskar waya, za ka ga cikin furen yana wayewa. Takardar azurfa mai ƙyalli ta fi ƙarfi, amma sai an cukuikuye ta an warware kafin a manna a kwali, in ba haka ba haskenta ya yi kaifi da yawa.

Ta ina haske zai zo? An saba ce wa mai koyo ya bar rana a bayansa. Ga hoton biki wannan shawara ce mai amfani, amma ga fure ita ce mafi rauni, domin hasken gaba yana shafe duk wani tudu da kwari, furen ya fito a baje. Hasken gefe yana fito da jijiyoyin falle, da gashin da ke jikin kara, da ƙurar fure da ke kan tsinkayen tsakiya. Wanda ya fi burge ni kuwa shi ne hasken baya: ka zagaya har furen ya shiga tsakaninka da rana, haske ya ratso ta cikin fallayen. Furen kuɓewa da na auduga da na rama siraran fallaye gare su, idan rana ta ratsa su sai ka ga kowace jijiya a zane, gefen kuma ya ɗauki zobe na haske. Ka kula kada ranar da kanta ta faɗa cikin idon kyamara. Ka sa tafin hannu ko kwali ka yi masa rumfa daga sama. Filasha kuwa a kashe ta gaba ɗaya. A wannan kusanci ba ta yin komai sai ƙone fure da baƙanta bayansa.

Yanzu sai matsalar da take karya gwiwar yawancin masu farawa, wato hoto ya fito dishi-dishi. Dalilai uku ne, kuma kowanne da maganinsa.

Na farko, matsowa fiye da ƙima. Kowane idon kyamara yana da iyakar kusancin da zai iya saiti a kai. Babban idon yawancin wayoyi ba ya kama abin da ya fi kusa da kimanin santimita 8 zuwa 10. Idan ka wuce wannan iyaka, ko ka taɓa fuskar waya sau nawa, ba zai fito ba. Ka ja baya har hoton ya fito tangaran, ka ɗauka, daga baya ka yanke gefe-gefe. Wayoyi da yawa masu sauƙin kuɗi suna zuwa da wani ƙaramin ido na makro, wato na ɗaukar hoton kusa, mai megafiksel 2, wanda yake aiki a tazarar kusan santimita 4. Ka gwada shi, amma ka gwada babban idon ma ka kwatanta. Sau da yawa hoton babban ido da aka yanke ya fi kyau nesa ba kusa ba. Manyan wayoyi sun bi wata hanya: iPhone 13 Pro da ta fito a 2021 tana amfani da idonta mai faɗi ta matso har santimita 2, kuma wasu kamfanoni suna yin haka. Idan wayarka tana da ido na musamman na zuƙo nesa, shi ma ka gwada, yakan ba ka damar tsayawa baya kaɗan ba tare da inuwarka ta faɗa kan fure ba. Zuƙowa da yatsu biyu fiye da ninki biyu kuwa ba ta ƙara komai, faɗaɗa hoton kawai take yi ya farfashe. Akwai kuma ɗan gilashin makro da ake maƙalawa a bayan waya, ba shi da tsada, yana aiki sosai ga ƙananan furanni irin na zogale da lalle da darbejiya, amma sai ka kusan taɓa furen, kuma gefen hoton yakan yi dishi.

Dalili na biyu ya fi wuyar ganewa. Duk lokacin da ka matsa kusa, yankin da yake fitowa sarai daga gaba zuwa baya yana ƙara sirancewa. A hoton mutum a tsaye, daga hancinsa har bangon bayansa duk suna iya fitowa. A hoton fure kusa da kusa, yankin yakan koma siriri kamar ɓawon albasa. A babbar kyamara, idan girman abu a cikin na'ura ya yi daidai da girmansa na zahiri, kuma ƙofar haske tana kan f/8, abin da zai fito sarai bai wuce kimanin milimita 1 ba. Ke nan ba za ka samu furen duka ba. Sai ka zaɓi wurin da kake so ido ya sauka. Yawanci tsinkayen tsakiya ne masu ɗauke da ƙurar fure, ko bakin fallen da ya fi kusa da kai, ko ɗigon raɓa. Idan akwai ƙwaro a kai, idonsa ake saitawa, ba bayansa ba. A waya, ka taɓa wurin da yatsa, ka danne na ɗan lokaci har saitin ya kulle, sannan ka daina taɓawa. Daga nan da jikinka za ka yi saiti: ka ɗan rusuna gaba, ka ɗan dawo baya, a hankali ƙwarai, idan wurin ya fito sai ka danna. Wata dabara kuma ita ce ka daidaita bayan wayar da fuskar furen su kalli juna sak, ba a karkace ba. Ta haka yawancin fuskar za ta faɗa cikin siririn yankin nan. Tsarin nan na waya da yake dusashe bayan mutum da lissafi, wanda ake ɗaukar hoton fuska da shi, ka guje shi a nan, domin yakan cinye tsinkayen fure da gashin kara, ya ɗauka bango ne.

Na uku shi ne motsi, naka da na furen. Rawar hannun da ba ka ma san kana yi ba, a wannan kusanci takan zama girgiza. Ka durƙusa ko ka zauna, ka kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa ko a ƙasa, ka riƙe waya da hannu biyu, ka saki numfashi ka tsaya kafin ka danna. Maɓallin ƙara murya na gefen waya ko na igiyar kunne yana ɗaukar hoto a yawancin wayoyi, kuma ya fi dungurin fuskar waya natsuwa. Idan ka jingina wayar a kan dutse ko jaka, ka sa jinkirin daƙiƙa 3 domin girgizar dannawa ta lafa. Iska kuwa ba a faɗa da ita. Takan zo ne kashi-kashi, ta kaɗa ta lafa; ka saita komai ka jira lafawar. Ana iya kafa kara a ƙasa a ɗaure reshen da zare a ƙasa da inda hoto zai kama, ko wani ya tsaya ta inda iskar take zuwa ya tare da kwali. Kuma kada ka ɗauki hoto ɗaya ka tashi. Ka ɗauki da yawa a jere, daga baya ka zuƙo kowanne ka duba. Wanda ya fito sarai shi za ka bari.

Mai babbar kyamara yana da iko a kan abubuwan da waya take yanke wa mutum hukunci. Ƙofar haske a buɗe, f/2.8 ko f/4, tana narkar da bayan fure ta bar ɗan wuri kaɗan sarai. Tsakanin f/8 da f/11 ake samun daidaito. Idan aka matse ta fiye da f/16, yankin yana ƙaruwa amma kaifin hoton gaba ɗaya yana raguwa, saboda yadda haske yake bazuwa idan ya bi ta ƙaramar kafa. Saurin ƙiftawa kada ya yi ƙasa da 1/250 na daƙiƙa idan a hannu kake riƙe, 1/500 ko fiye idan da iska ko ƙudan zuma. Gara ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 800 ko 1600 ka samu hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da ka bar shi a 100 ka samu mai dishi. Gilashin makro na milimita 90 zuwa 105 shi ne ainihin kayan aikin, amma yana da tsada. Akwai zobban da ake sawa tsakanin kyamara da gilashinta, babu gilashi a cikinsu, suna ba gilashin da ka riga ka mallaka damar matsowa kusa. Farashinsu kaɗan ne, sai dai suna cin haske. Wasu kan juya gilashin milimita 50 gaba ya koma baya da zobe na musamman, shi ma yana aiki. Kada rashin kaya ya hana ka farawa. Karl Blossfeldt, malamin zane a Berlin ta Jamus, wanda littafinsa na hotunan tsirrai na 1928 har yau ake koyi da shi, da kyamarar da ya haɗa da hannunsa ya yi aikinsa, yana ajiye tsiro a gaban bango marar ado.

Wannan ya kawo mu ga bayan fure, wanda mai koyo ba ya gani sai hoto ya fito. Hankalinka yana kan furen, ba ka lura da baƙar leda da ta maƙale a ƙaya ba, ko busasshen kara da ya ratsa hoton, ko wani farin tabo na rana da zai fizge ido. Kafin ka danna, ka bi kusurwa huɗu na fuskar waya da kallo. Sau da yawa matsawa taƙi ɗaya zuwa dama ko hagu ta isa ta canja komai. Yadda bayan ya yi nisa da furen haka yake ƙara narkewa, don haka furen da yake tsaye shi kaɗai a bakin gona ya fi wanda ke cunkushe cikin ganye sauƙin ɗauka. Idan rana tana kan fure, bayansa kuma inuwar bishiya ce ko ta katanga, bayan zai fito baƙi, furen ya tsaya shi kaɗai yana haske. Jan bangon ƙasa na gidajenmu yana karɓar farin fure da rawaya ƙwarai. Kuma ka sauko ƙasa. Kowa daga tsaye yake kallon fure. Idan ka kwanta ka ɗauke shi daga gefe, ko daga ƙasa sama ta zama bayansa, ko ma daga ƙeyarsa inda ya haɗu da kara, za ka nuna wa mutane abin da ba su taɓa gani ba a tsiron da suke wucewa kullum.

Launi biyu suna ruɗa kyamara. Ja mai ƙarfi, irin na gurjiya, da rawaya mai ƙarfi, irin na kabewa, sukan cika su tumbatsa har zanen jikin falle ya ɓace ya zama shafe ɗaya. Maganinsa rage haske: bayan ka taɓa wurin saiti, ka ja ɗan hoton ranar da yake fitowa a gefe zuwa ƙasa kaɗan, har jijiyoyin su dawo. Farin fure kuma ya danganta da bayansa. Idan ya cika hoton, kyamara takan mai da shi toka-toka, sai ka ƙara haske kaɗan. Idan ƙarami ne a gaban duhu, takan ƙone shi, sai ka rage. Abin da ya yi duhu ana iya ceto shi wajen gyara, amma wanda ya ƙone fari ya tafi ke nan. Wajen gyaran ma, da manhajar Snapseed ko Lightroom ko abin da ke cikin wayar, a yi sannu: a yanke, a daidaita haske, a cire shuɗin inuwa. Cika launi har kore ya zama na fenti yana ɓata aikin, kuma duk wanda ya san tsiron zai gane ba haka Allah ya yi shi ba. Idan za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar da aka saba tana matse hoto ta zubar da ƙananan bayanan da ka sha wuya a kansu.

Gona tana da mai ita. Ka yi sallama, ka nemi izini, ka bi ta kwarin kunya kada ka tattake shuka. Kada ka tsinke fure don ka kai shi inda haske ya fi; kowane furen kuɓewa ɗan kuɓewa ne na miyar wani, kuma tsinkakken fure ba ya jimawa yake yin yaushi a zafinmu. Da damina ka duba ciyawa kafin ka durƙusa saboda maciji da kunama, ka sa takalmi rufaffe. Farin ruwan tumfafiya yana da haɗari ga ido, idan ya taɓa hannunka ka wanke kafin ka shafa fuska. Ƙudan zuma da yake kiwo a kan fure ba ya kula mutum matuƙar ba a kai masa hannu ba. Ka saita a kan furen da ka ga suna yawan sauka, ka tsaya cik, zai zo ya same ka. Idon kyamara kuwa ka goge shi da ƙyalle mai laushi kafin ka fara, musamman da hunturu, bayan ka hure ƙurar tukuna don kada ta karce gilashin. Maiƙon yatsa a kan idon waya shi kaɗai ya isa ya sa hasken baya ya zama hazo.

Hoton kusa yana da wani amfani da ya wuce ado. Idan ka buɗe furen wake ka ɗauke shi sarai, za ka iya ganin ƙananan baƙaƙen ƙwarin da suke sa fure ya zube, ko tsutsar da take cin cikinsa kafin ta shiga kwanso. Irin wannan hoto, idan aka nuna wa malamin gona, ya fi dogon bayani. Don haka duk hoton da ka ajiye, ka rubuta sunan tsiron, da garin, da watan, da lokacin da ka same shi a buɗe. Wanda ba ka san sunansa ba, ka ɗauki ganyensa da tsiron gaba ɗaya bayan hoton kusan, ka nuna wa tsofaffin manoma ko makiyaya ko masu maganin gargajiya. Sunan tsiro ɗaya yakan bambanta tsakanin Sakkwato da Zariya da Damagaram, sai ka rubuta kowanne tare da inda ka ji shi.